Sarkin da ba shi da ƙasa

Malam, ka tambaye ni yadda aka yi mu Hausawan Gana muke yi wa sarkin zango biyayya alhali ƙasar ba tasa ba ce. Gaskiyarka. A Kumasi ƙasa ta Asantehene ce, wato sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ke kan gado tun 1999. Sarkinmu ba shi da gandu, ba shi da hakimai, ba ya karɓar haraji. Jikinsa da lokacinsa ne jarinsa, su yake ƙararwa a kanmu.

Abin ya faro ne daga fataucin goro. Falke zai sauka gidan mai masauki, shi zai ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Da masu ƙasa suka ce wa zai yi magana da yawunku, wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin baƙi aka nuna. Da gwamnatin firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar a 1969, nan aka gane na gaske. Har yau dattawa na tuna wanda ya tsaya da wanda ya ɓuya.

Ina yaro wani ɗan cirani ya rasu a unguwarmu, ba wanda ya san danginsa. Ƙarfe biyun dare aka buga wa dattijon da ke riƙe da unguwar ƙofa. Ya fito da tocila, ko hula bai tsaya sawa ba. A kan bencin asibiti ya wayi gari har aka ba da gawa, ya sayi likkafani daga aljihunsa, ya shiga kabari da kansa. Wata uku ya yi yana cigiya wajen direbobin da ke zuwa ƙasar Hausa. Da aka sami 'yan'uwan mamacin ya aika musu da jakarsa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Mutumin da ya yi wannan, in ya ce a zauna, wa zai miƙe?

Dubi Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasa tun 1993. A 2019, yana dab da cika shekara 100, ya taka har cocin Katolika a Akra ranar Ista domin a zauna lafiya, ya kuma san za a yi surutu. A shekarar ne matasa suka far wa cocin wani fasto da ya yi hasashen mutuwarsa, ya ce a yafe, aka yafe.

Ni yanzu gareji nake riƙe da shi, da yara tara. Idan inji ya ƙi tashi kuma mai mota na jira, ba na wanke hannu in bar su, ko da za mu kai isha'i. Ranar da ciniki ya yi ƙasa, su nake fara sallama kafin in ɗauki nawa.

Ba duka ne haka ba, kada in ɓoye maka. Akwai masu neman rawani don a gan su kusa da 'yan siyasa, abin yana mini ciwo. Ana gaishe su a hanya, amma idan yaro ya kwana a hannun 'yan sanda, wata ƙofar uwarsa take bugawa.