Amsa: Kyanwata na yaga kushin, in kai a cire mata farata?

'Yar uwa dan Allah kar ki yi, wallahi raina ya sosu da na ga tambayarki. Mutane suna zaton kamar yankan farce ne irin namu, alhali aikin tiyata ne, gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ake yankewa har da ƙashi, don daga ƙashin farcen yake tsirowa. Ki kalli yatsanki ki ce an datse shi daga gaɓar sama, to haka ne. Wasu bayan aikin tafiya ma da ciwo suke yi, wasu su koma cizo, wasu su daina kashi a inda suka saba. A Ingila haramun ne a doka, jihar New York a Amurka ma ta hana a 2019.

Kuma kyanwar gida a nan Bauchi fita take, ta hau katanga, ta kama ɓera, in kare ya biyo ta da me za ta hau bishiya?

Ni tawa ma ta taɓa lalata min hannun kujera, abin da na yi igiya na siyo a kasuwar Wunti na naɗe a jikin guntun katako na kafa shi dab da kujerar, cikin kwanaki ta koma can da karce-karcenta. Sannan duk sati biyu ko uku ina rage mata tsinin farcen kaɗan, ki matsa tafin ƙafar a hankali farcen zai fito, ki yanke fari-farin bakin kawai kar ki taɓa wurin jan nan, jijiya ce da jini. In hannunki na rawa ki kai ta asibitin dabbobi su nuna miki.