Musayar gida da Turawa don hutu: wasiƙar mai gida ba biza ba ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Daura, ina da mata da 'ya'ya uku da gida mai ɗaki huɗu da na gina da gumina. An haɗa ni da wani mutum ta WhatsApp, ya ce akwai wasu iyali a Mancesta ta Ingila da ke son mu yi musayar gida a dogon hutu, su zo su zauna nawa su ga Rijiyar Kusugu da fadar Sarki, mu kuma mu tafi nasu. Ya ce da zarar sun rubuto wasiƙa, biza ta zama dole, ofishin jakadanci ba shi da ikon hana mu. Kuɗin aikinsa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, na ba shi rabi daga kuɗin adashin maiɗakina. Yanzu yana neman hoton fasfo ɗinmu da takardar gida ta asali. Tun da ya ambaci takardar gida barci ya ƙaurace mini. Shin wannan harka gaskiya ce, ko na faɗa hannun 'yan damfara?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada takardar gidan nan ta bar akwatin da take ciki, kuma kada ka ƙara wa mutumin nan ko kwabo. Barcin da ya ƙaurace maka shi ne ya cece ka.

Musayar gida kanta gaskiya ce, ba ƙirƙirar 'yan damfara ba. Malaman makaranta irinka ne ma suka faro ta a Turai, masu dogon hutu da gajeren albashi, inda ƙungiyar Intervac ta kafu a 1953. Yau akwai ita da HomeLink da HomeExchange, wanda ya fi su girma. Tsarin bai canza ba: ka yi rajista da kanka, ka biya kuɗin shekara ga kamfanin, ka saka hotunan gidanka, ku daidaita da ɗaya iyalin baki da baki. Haya ba ta shiga tsakani. A HomeExchange akwai ma tsarin maki, ka sauki wani a gidanka ka tara maki, ka kashe su a gidan wani daban. A duk wannan babu gurbin ɗan tsakiya mai karɓar miliyan, kuma ba a miƙa wa kowa takardar mallakar gida ta asali, domin kwana za a yi a gidan, ba jingina ba. Wanda ya riƙe takardarka ta asali da hoton fasfonka yana iya cin bashi a kanta ko ya nuna wa mai saye.

To yanzu ga maganar da ke ƙona mini rai, wadda kusan kullum sai wani ya shigo mini ofis da ita a nan Katsina: wai wasiƙar gayyata tana tilasta ba da biza. Na ji ta daga bakin ɗan kasuwa, na ji ta daga bakin mai digiri biyu, na ji ta daga hajiyar da ta sayar da sarƙarta. Babu wasiƙar da wani mai gida a Mancesta ko Faris zai rubuta da za ta ɗaure hannun jami'in biza. Babu ita. Wasiƙar musayar gida tambaya ɗaya take amsawa, wato ina za ka kwana, kuma wannan ita ce mafi sauƙi a cikin tambayoyin jami'in. Matsayinta ɗaya da takardar kama ɗaki a otal. Abin da jami'in yake tona shi ne: kuɗin tafiyar naka ne, kuma daga ina suka fito? Me ka bari a gida da zai dawo da kai? Labarin da ka rubuta ya dace da albashinka? Idan malamin makaranta ya kawo takardar banki ta wata shida, albashi yana shiga yana fita, sai kwatsam miliyan takwas ta faɗo mako biyu kafin neman biza, an gama magana, ko da wasiƙar da ruwan zinariya aka rubuta ta.

Ka lura da wani abu kuma. A musayar gida mai gidan ba ya nan lokacin da kake can, yana gidanka. Ke nan ba mai masaukin da zai ciyar da kai ba ne, bai ɗauki nauyinka ba, bai san ka ba sai ta waya. Ƙasashen da suke da takardar ɗaukar nauyi ta hukuma ba a kan teburin gida ake rubuta ta ba. A Faransa sai mai masauki ya je ofishin magajin gari an tantance shi an buga hatimi. A Jamus yana zuwa gaban hukuma ya sa hannu cewa ya ɗauki kuɗin zaman baƙon a wuyansa. Ko waɗannan masu hatimi ba su tilasta biza ba, balle wasiƙar da aka turo maka ta WhatsApp.

Masu cewa "ai ni na san wanda aka ba shi da wasiƙa kawai" su dubi lissafi. A 2024 kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan Nijeriya da suka nemi bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus da Italiya, an hana su, kuma kuɗin neman, Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa. Kana tsammani duk waɗannan ba su da adireshin kwana? Wanda aka ba shi, an ba shi ne don takardun aikinsa da bankinsa sun tsaya da ƙafarsu, wasiƙar rakiya ta yi.

Hanin ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne wasiƙar ta zama ta ƙarya, kuma a irin labarinka na fi kyautata zaton haka. A dokar shige da fice ta Birtaniya, wanda aka samu da yaudara wajen neman biza ana iya rufe masa ƙofa shekara 10, kuma bizar baƙo ba ta da ɗaukaka ƙara irin wadda mutane ke zato. "Ejan ne ya cika mini" ba kasafai take wanke mutum ba, don kai ka sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, kai ka dangwala yatsu. Ƙasashen Shengen 29 kuwa rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, hanin da aka yi maka a ofishin Faransa, jami'in Italiya yana ganinsa. Ka auna wannan da kyau, Malam. Gobe ka samu gurbin ƙaro ilimi ko taron malamai a Ingila, fom ya tambaye ka ko an taɓa hana ka biza, tabon yana nan. Shi ejan ya canza layin waya ya koma wani gari.

Akwai kuma masu raɗa wa mutane cewa idan ka sauka a gidan kyauta, sai ka ɗan taɓa aiki ka mayar da kuɗin jirgi. Bizar baƙo ta Birtaniya, ga mai zuwa hutu, zaman wata shida ne mafi tsawo a kowace shiga kuma ta haramta aiki. Ta Shengen kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Makullin gidan Bature bai ƙara maka kwana ɗaya a kan haka ba. Ni dai duk wanda ya zo mini da niyyar ya shiga da sunan hutu ya ɓace, ina faɗa masa ya nemi wani ofishin, domin irinsu ne suka sa mai gaskiya yake shan tambaya kamar ɓarawo. Mu ji tsoron Allah. Rantsuwa ce muke yi a kan takarda, kuma ƙaryar da aka rubuta da Turanci ba ta tashi daga ƙarya ba. Kuɗin adashin mata da na gado da na filaye suna ta zurarewa hannun mutanen da ko ofis ba su da shi, mu kuma muna jin kunyar tambaya don kada a ce mun hana kanmu arziki. Duk wanda ya ce maka "biza tabbas", ko dai bai san aikin ba ko ya san abin da yake yi maka.

Ba na son in ɓoye maka ɗaya gefen, ko da zai yi ɗaci. Daura gari ne da ya cancanci a zo gani, wanda ya taɓa tsayawa a hawan Magajiya ko Sallar Gani ya sani. Amma gwamnatin Birtaniya ta sa Jihar Katsina cikin wuraren da take gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je, Amurka ma haka, kuma Baturen da ya saɓa wa wannan gargaɗi inshorar tafiyarsa na iya faɗuwa. Ga su ma sai sun nemi bizar Nijeriya. Iyalin da za su kwaso yara daga Mancesta su tare a Daura wata guda ba tare da sun taɓa jin muryarka ba, ba su tambaye ka wuta da ruwa da gidan sauro da asibiti mafi kusa ba, ka yi shakkar akwai su. Masu musaya na gaskiya tambaya gare su har sai ka gaji.

Idan sha'awar tana nan, akwai hanyar da ta fi dacewa da mu. Hausawa da sauran 'yan Arewa mazauna waje suna dawowa hutu da iyali, da yawansu sun fi son gida mai sola da rijiyar burtsatse a kan otal ko cunkoson gidan dangi. Da irinsu musaya takan yiwu, ga addini ɗaya, ba ka fargabar abin da za a shigo da shi kicin ɗinka. Sannan ba dole sai Turai ba. Ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kana shiga Gana ko Senegal ko Gambiya ka yi kwana 90 ba biza, fasfonka da katin rigakafin shawara kawai. Ka kuma tuna gidan Bahaushe ba ya zama fanko: akwai tsohuwa, akwai ƙanne, akwai ɗakin uwargida da kayanta. Ka shawarce ta tukuna, ku ware ɗakin da za a kulle, a rubuta wanda zai sayi man janareta da wanda zai biya abin da ya fashe, kuma mai unguwa ya san da zuwan baƙi.

Game da dubu ɗari shida da ka riga ka bayar, ga abin yi a wannan makon. Ka ce wa mutumin ya haɗa ka da iyalin ta kiran bidiyo, suna cikin gidan, su zagaya da kai, su kuma nuna maka shafinsu a kamfanin musayar da suke ciki tare da shaidar waɗanda suka taɓa sauka wurinsu. Idan ya fara kame-kame, kada ka yi masa barazana ya gudu. Ka adana duk saƙonninku da rasit ɗin tura kuɗi da lambar asusun da ka tura wa, ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Saurin kai ƙara shi ne ke sa a iske wani abu a asusun. Ka sanar da wanda ya haɗa ku, wataƙila shi ma an ci nasa. Kuma ka zaunar da maiɗakinka yau ka faɗa mata halin da ake ciki, kuɗin adashinta ne, kada ta ji a bakin wani.