Abin Da Ya Hana Fitilun Allonka Gudu

Ka tambaye ni dalilin da ya sa fitilun allon tallar da ka haɗa suke ƙyaftawa kawai, ba a ganin haske yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Yaro, ba zan ɓata bakina a kan haɗa waya da sanya 555 da 4017 (ƙananan na'urorin lantarkin da suke kunna fitilun bi da bi) ba, domin wanda bai iya wannan ba, ba shi da wurin zama a shagona. Matsalarka tazarar lokaci ce.

Babu ƙwan fitilar da yake barin wurinsa. Idon mai kallo ne yake haɗa ƙyaftawarsu ya mayar da ita tafiya guda. Max Wertheimer, jagoran mazhabar Gestalt a ilimin halayyar ɗan Adam, ya gwada haka a Frankfurt ta ƙasar Jamus, ya wallafa sakamakon a 1912. Idan tazarar da ke tsakanin haske biyu ta kai kamar kashi 200 cikin 1000 na sakan, ana ganinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ta sauko wajen 30, sai a gan su tare. A wajen 60 ne ido yake ganin haske guda ya yi tafiya. A 1915 kuma wani mai bincike, Adolf Korte, ya nuna cewa idan nisan da ke tsakanin fitilun ya ƙaru, dole lokacin ma ya ƙaru.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce wani mai zauren biki ya cuce ni a kanta, kuma har yau ban yafe ba. Ya nemi ƙaton allo mai kibiya, amma saboda rowa ya ce a rage ƙwayayen fitila, tazararsu ta yi faɗi. Na rage gudun gwargwadon haka, kibiyar ta riƙa tafiya sumul, ya gani da idonsa ya yaba. Bayan na tafi, wani ɗan'uwansa, irin yaran yanzu da suke ɗauka sauri shi ne gwaninta, ya murɗa madaidaicin gudun har ƙurya, kibiyar ta koma karkarwa a wuri ɗaya. Mutumin ya hana ni cikon kuɗina, ya yi ta yaɗawa wai aikina ya lalace, sannan ya kira wani wanda bai yi komai ba illa mayar da madaidaicin inda na bar shi, ya biya shi.

Saboda haka kada ka saita allo kana zaune a gabansa. Bari magariba ta yi, ka tsallaka titi inda masu wucewa za su gan shi, wani ya riƙa murɗawa a hankali har ka ga hasken ya kama tafiya, sannan ka rufe madaidaicin cikin akwati ka sa kwaɗo.