Amsa a kan Vimy: dalilin da mutanen Kanada suka kasa mantawa da wannan tudun

Assalamu alaikum. Ƙanina, ka ce tun da ka iso Kanada karatu kake cin karo da sunan Vimy, a titi, a makaranta, har a bayan takardar dala 20, kuma da ka bincika sai ka tarar faɗan kwana huɗu ne kacal a cikin yaƙin da ya ci shekara huɗu. Tambayarka ita ce me ya sa suka ɗauke shi da girma haka. Na daɗe a Otawa, kuma Allah ya sa na taka wurin da ƙafata, don haka bari in faɗa maka abin da na fahimta.

Mamakinka yana kan hanya, domin Vimy bai kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. Wani yanki ne na farmakin da Birtaniya ta kai a kewayen garin Arras da ke arewacin Faransa, kuma bayansa an ci gaba da zubar da jini har Nuwamba 1918. Masana tarihin Kanada da dama suna ganin faɗace-faɗacen kwana ɗarin ƙarshe na yaƙin sun fi shi nauyi ta fuskar soja. Girman Vimy daga wani wuri ya fito.

Tudu ne mai tsawon kimanin kilomita 7, wanda Jamusawa suka kama tun 1914 suka haƙa ramuka suka kafe. Sojojin Faransa sun yi ta ƙoƙarin ƙwato shi a 1915, suka yi asarar mutum sama da 100,000 tsakanin matattu da masu rauni, tudun bai samu ba. Ranar Litinin 9 ga Afrilu 1917, da ƙarfe 5:30 na asuba, cikin sanyi da ƙanƙara, rundunonin Kanada guda huɗu suka taso masa. Wannan ne karo na farko da dukkansu huɗun suka yi faɗa tare a fili ɗaya: masunci daga Nova Scotia, manomin alkama daga Saskatchewan, ma'aikacin masana'anta daga Toronto. Sun shafe makonni suna atisaye a filin da aka shata kamar tudun. An raba taswira har hannun ƙananan sojoji, abin da ba a saba yi ba, don ko hafsa ya faɗi na bayansa ya san inda aka dosa. Harsasan igwa suna sauka a gabansu, suna matsawa kimanin mita 90 duk minti uku, su kuma suna biye da wutar a ƙafa. Zuwa 12 ga wata tudun gaba ɗaya ya shiga hannunsu. Mutum 3,598 suka mutu, wasu kimanin 7,000 suka ji rauni.

Ka tuna cewa a 1914 ba a tambayi Kanada ko tana son yaƙi ba. Birtaniya na shiga, ita ma ta shiga, don tana ƙarƙashin daularta. Ko a Vimy ɗin, babban kwamandansu Bature ne ɗan Ingila, Julian Byng, sai bayan wata biyu aka miƙa rundunar ga ɗan ƙasa, Arthur Currie. Amma bayan yaƙi Kanada ta sa hannu da sunanta a yarjejeniyar Versailles ta 1919, dokar Westminster ta 1931 ta ba ta ikon kanta a harkokin waje, kuma a 1939 majalisarta ce ta zauna ta yanke shawarar shiga yaƙi na biyu, mako guda bayan Birtaniya. Ƙasar da ba ta yi yaƙin neman 'yanci ba tana buƙatar ranar da za ta nuna ta ce a nan muka tsaya da ƙafarmu. Shi ya sa za ka ji dattawansu na cewa a Vimy aka haifi ƙasar.

Ni dai a ganina akwai abin da ya fi wannan ƙarfi, kuma ban gane shi sosai ba sai da na je. Kanada tana da mutum wajen miliyan 8 a lokacin, sama da 600,000 suka sa kaki, sama da 60,000 ba su dawo ba. Kuma ba a dawo da gawarsu gida ba. Tsarin daular shi ne a binne soja kusa da inda ya faɗi. Uwa a wani ƙauye na Manitoba sai dai ta karɓi takardar waya, babu jana'iza, babu kabarin da za ta ziyarta. Dubbai kuma ko kabarin ba su samu ba, domin igwa ta haɗa su da laka. A jikin ginin tunawa na Vimy an sassaƙa sunaye 11,285 na 'yan Kanada da suka mutu a Faransa ba a san makwancinsu ba. Ba duka a Vimy suka mutu ba, amma nan ne kaɗai iyalansu suke da abin da za su dafa.

Ginin yana kan ƙololuwar tudun, ginshiƙai biyu na farin dutse, aikin Walter Allward. Faransa ta ba Kanada filin, hekta 100, a 1922, Sarki Edward na Takwas ya buɗe shi ranar 26 ga Yuli 1936, dubban tsofaffin sojoji suka tsallako teku don halarta. Abin da ya kama ni shi ne babu mutum-mutumin jarumi ɗauke da bindiga yana murnar nasara. Babbar siffar wurin mace ce lulluɓe da mayafi, kanta a sunkuye, tana kallon kabari a ƙasa. Na ga wani dattijo da 'yar takarda a hannu yana bin layin sunayen da yatsa, da ya iso wanda yake nema sai ya kira jikarsa ta zo ta taɓa. Ƙasar da ke kewaye har yau duk ramuka ce da tuddai, ciyawa ta rufe, an zagaye da waya da jajayen allunan gargaɗi saboda harsasan da ba su fashe ba. Tumaki ake sakawa su cinye ciyawar, don ba a yarda a shiga da injin yanka ba. A inda aka adana ramukan yaƙin, tsakanin na Kanada da na Jamus ko yaro zai iya jefa dutse ya kai.

A shekarar 2000 an tono gawar wani soja da ba a san sunansa ba daga wata maƙabarta kusa da Vimy, aka kawo shi Otawa aka binne a gaban ginin tunawa da yaƙi na ƙasa. Duk 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918, bayan an tashi daga taron tunawa, mutane kan bi layi su cire jan furen poppy, alamar tunawa da sojojin da suka mutu, da suka maƙala a ƙirji su ajiye a kan kabarin har ya rufe. Babu wanda ya umarce su, da kansu suka faro.

Sai dai kada ka ɗauka kowa a Kanada haka yake ji. Asarar rayuka a 1917 ce ta sa gwamnatin Robert Borden ta kawo dokar tilasta shiga soja, kuma mafi yawan masu jin Faransanci a Kebek suka ƙi, don a wurinsu yaƙin Ingila ne. A lokacin Ista na 1918 an yi tarzoma a birnin Kebek, sojoji suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu. Saboda haka idan abokin karatunka ɗan Montreal bai nuna zumuɗi da Vimy ba, ba rashin kishi ba ne, tarihin gidansu ne daban. Haka 'yan asalin ƙasar: dubbansu sun je yaƙin, amma da yawa daga cikin al'ummunsu ba su samu cikakken ikon kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1960. Wannan yana taɓa ni, domin kakanninmu ma sun yi wa daular nan yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, daga baya a Boma, kuma kaɗan ne a cikinmu za su iya kawo sunan ko mutum ɗaya.

Idan Nuwamba ta zo za ka ga tsofaffin sojoji da 'yan sa-kai da akwatin furen a bakin kantuna. Ba sayarwa suke ba, abin da ya sawwaƙa kake sakawa, kuɗin na taimakon tsofaffin sojoji ne da iyalansu. A gefen hagu ake maƙalawa, kuma da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga wata ana yin shiru na minti biyu, ko a aji kake ka tsaya tare da su. In kuma ka samu bizar Turai, daga Paris zuwa Arras kimanin awa ɗaya ne a jirgin ƙasa, Vimy kuma wajen kilomita 10 daga nan. Shiga kyauta ne, masu zagayawa da baƙi ɗalibai ne irinka, 'yan Kanada, kuma su za su shiga da kai hanyar ƙarƙashin ƙasa da sojojin suka kwana a ciki kafin farmakin. Ka tafi da rigar sanyi ko da bazara ce, iskar kan tudun ba wasa.