Tambayi Likita: in wanda ake tuhuma ba ya cikin hayyacinsa, ya kotu take yi?

Tambaya: Likita in aka ce mutum ba zai iya fuskantar shari'a ba saboda taɓin hankali, an wanke shi kenan?

Amsa: A'a. Jingine shari'ar aka yi, tuhumar tana nan daram. Yawanci asibitin ƙwaƙwalwa ake tura shi, in ya samu sauƙi a ɗora daga inda aka tsaya.

Tambaya: Wa ke yanke wannan, ku likitoci ko alƙali?

Amsa: Alƙali. Mu rahoto kawai muke rubutawa. Abin da muke dubawa shi ne yanzu-yanzu ya san laifin da ake tuhumarsa da shi, ya san meye aikin alƙali, kuma zai iya zama da lauyansa su yi magana mai kan gado? Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan ma'aunin a shari'ar Dusky a 1960, Ingila kuwa tun shari'ar Pritchard a 1836. Halin da yake ciki ranar da abin ya faru wata magana ce daban.

Tambaya: Ƙanina yana da ciwon da ke sa shi jin muryoyi, an ba da belinsa yana gida. Wani ya ce mu daina ba shi magani har ranar kotu, in alƙali ya ga yanayinsa zai sallame shi. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa don girman Allah kar ku yi. Wallahi irin wannan shawarar tana ɓata min rai, mai bayarwar ba shi zai kwana da mara lafiyan ba. In aka yanke maganin kwatsam, sai ki ga barci ya ƙaurace masa, ya koma zama a lungu yana amsa muryar da ba kowa ke ji ba, ya ƙi abinci wai an sa masa guba, daga nan ya ji wa kansa ko wani ciwo, kinga an ƙara wata tuhumar kan ta farko.

Kuma ba lallai gida za a maido shi ba fa, ana iya tsare shi a asibiti, wani lokacin ya fi daɗewa a kan in an yanke masa hukunci. Akwai wani Theon Jackson a jihar Indiyana ta Amurka, kurma ne ba ya magana, an tuhume shi da ƙwacen da bai wuce dala 9 ba, aka tsare shi ba ranar fita, sai a 1972 Kotun Ƙoli ta ce ba a riƙe mutum haka har illa masha Allah. A 2003 kuma, a shari'ar Sell, ta yarda a wasu lokuta a ba mutum magani ko bai so, don ya iya tsayawa gaban kotu. Toh me aka ci riba?

Ku ci gaba da ba shi maganinsa kan lokaci, ku tattara katin asibiti da takardun magani ku kai wa lauyansa, shi zai nemi kotu ta sa a duba shi. In ya kwana biyu bai runtsa ba ko ya fara zancen mutuwa, asibiti a ranar, kar a jira gobe. Ɗaurewa da duka kuma ba magani ba ne, na sha faɗa. Ku kai shi asibiti.

Tambaya: Mutum zai iya yin haukan ƙarya ya yaudari likita?

Amsa: Ana gwadawa. Amma ma'aikatan jinya suna ganinsa dare da rana, kuma mai kwaikwayo yakan zarce gona da iri, ka tambaye shi ƙafar kare nawa ya ce biyar.