Ɗanyen tumatir da catnin Turawan Ingila

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce sanyi ya fara shiga can Ingila, tumatir ɗin da kika shuka ya ƙi nuna, maƙwabciyarki kuma ta ce kada ki zubar, ki yi catni, wato wani mahaɗin abinci mai tsami da zaƙi. Kina tambayar wace al'ada ce wannan, kuma yaya ake yi.

Gaskiya ta faɗa miki. Mu nan idan tumatir ya yi yawa, yanka shi muke yi mu shanya ya zama kauɗa, don Allah ya hore mana rana. Su Turawan Ingila ba su da irinta. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sanyi kan tsayar da nunar tumatir, shi ya sa suke dafa koren da ruwan khal (vinegar) da sukari su ajiye. Sunan da dabarar daga Indiya suka samo su lokacin mulkin mallaka. Kada ruwan khal ya sa miki shakka, Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci.

Ga kilo 1 na kore shar, ki tanadi albasa giram 250, tuffa mai tsami giram 250, zabibi giram 200, jan sukari giram 300, da ruwan khal rabin lita, wanda aka rubuta ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa. Sai citta, kanumfari kaɗan, da attaruhu gwargwadon bakinki. Duk tumatir ɗin da ya yi baƙin tabo ko ya yi laushi, ki ware shi.

Ki yayyanka tumatir da albasa ƙanana, ki barbaɗa gishiri babban cokali 1, ki bar su su kwana. Da safe ki tsiyaye ruwan da ya fito, in ba haka ba sai ki wuni a gaban murhu bai yi kauri ba. Ki nemi tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Kada ki kuskura ki ɗora ta dalma, tsamin zai ci jikinta ya ɓata ɗanɗano da launi.

Ki zuba komai, ki juya har sukari ya narke, sannan ki rage wuta. A buɗe ake dafa shi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wajen ƙarshe ne yake kamu, ki tsaya a kansa. Idan kika ja muciya a gindin tukunya hanya ta buɗe, ruwa bai biyo ya rufe ta ba, ya yi.

Abin da nake roƙonki, kada ki rage khal ko sukari don kin ji sun yi yawa. Su ne ke hana shi lalacewa. Wadda ta rage su, ko ta sauke da sauran ruwa, fumfuna za ta tarar a kwalba.

Ki tafasa kwalabe minti 10, ki zuba catnin da zafinsa a kwalba mai zafi don kada ta fashe. Murfin ya kasance mai shafin roba daga ciki, don khal na cin ƙarfe.

Ranar farko za ki ji shi gau, ya kama miki maƙoshi. Ki ajiye a wuri mai duhu da sanyi sati 6 ko fiye, tsamin zai kwanta. Su da cuku da nama mai sanyi suke ci lokacin Kirsimeti, ke ki gwada da gasasshen nama ko burodi. Kwalbar da kika buɗe ki sa a firji, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali.