Damina biyu a Kumasi, da tambayar da ka yi mini

Ɗan'uwa, ka tambaye ni yadda Bahaushe ke zama a garin da ruwa ba ya ɗaukewa, sannan ka ƙara da cewa anya mun san hunturu ma kuwa. Tambayar farko ta yi mini daɗi, ta biyun kam ta sosa mini rai.

Fataucin goro ne ya fito da kakana daga Kano ya zaunar da shi a zangon Kumasi a ƙasar Ghana, daga baya aka kawo masa amarya daga gida, wadda muke kira Iya. Ita ce ta sha wuyar yanayin nan. Ta taso da sanin bazara, damina, kaka da hunturu, kowanne da aikinsa. Sai ta tarar da damina biyu: babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta sauko daga Satumba har Nuwamba. Ruwan shekara yakan kai milimita 1,400. Kukar da ta zo da ita, da busasshiyar kuɓewa da daddawa, duk suka yi fumfuna kafin ta shekara. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, tabarma kullum da danshi. Takan ce ranar da ta zubar da daddawar mahaifiyarta sai da ta shiga ɗaki ta yi hawaye. Da sannu ta koyi rataye kayan miya a saman murhu don hayaƙi ya tsare su, ta haƙura da ɗakin soro, tun da rufin ƙasa ba ya jure ruwan kurmi, sai kwano.

Hunturu kuwa yana iso mu, a Disamba da Janairu, Asantawa, 'yan ƙasar nan, na ce masa ope. Bai kai naku kaifi ba, na yarda. Amma da hazo ya sauko Iya za ta fito da komai ta shanya, tana cewa iskar gida ta zo gaisuwa.

Gero ba ya yi a nan, daga Bawku da sauran arewacin Ghana ake kawo shi, duk da haka ba mu bar koko ba. Ka shiga Akara, babban birnin ƙasar, da asuba ka ji sunan da mutanen gari ke kiransa: kokon Hausa. Waakye ɗin da ƙasar nan ke alfahari da shi daga kalmar wake ya samo suna, tuo zaafi kuma tuwon zafi ne.

Na san inda tambayarka ta nufa, domin an sha yi mana ita. Kuna cewa mun auri 'yan ƙasa, kuma Hausarmu ba ta raba "ya" da "ta". Gaskiya ne, yaranmu da yawa haka suke magana. Baffana ma Ba'asantiya ya aura, ta musulunta. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, don haka 'ya'yansa kowane ɓangare na cewa nasa ne. A 1969, da gwamnatin Firaminista Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda, dangin wannan baiwar Allah ne suka riƙe mana shago har ƙura ta lafa. Har ta rasu tana yin miyar kuka irin ta Iya, domin a hannunta ta koya, har da rataye kukar a saman murhu. Matata ma can take rataye tamu.